Taya shida a cikin kwali: yadda Tyrrell P34 ta koma teburin dattawa

Ranar 13 ga Yuni, 1976, a filin tsere na Anderstorp da ke ƙasar Suwidin, wata shuɗiyar mota mai taya shida ta zo ta ɗaya a gasar tseren motoci ta Formula 1, 'yar'uwarta kuma ta rufa mata baya. Jody Scheckter, ɗan Afirka ta Kudu, shi ya tuƙa ta gaba, Patrick Depailler Bafaranshe ya tuƙa ta biyun. Daga wannan rana motar ba ta ƙara cin gasa ba. Shekara biyu kacal ta yi a fagen tsere aka jingine ta, zuwa 1983 kuma doka ta tsaya a kan cewa motar Formula 1 tayarta huɗu ne, ba ƙari.

Sunan motar Tyrrell P34. A lissafin masu tsere, gwaji ce da aka yi bai ɗore ba. Amma a Shizuoka ta ƙasar Japan akwai kamfanin Tamiya, wanda ya sassaƙa mazubinta na ƙarfe a 1977, ya riƙa zuba narkakkiyar roba a ciki yana fitar da ita gunduwa-gunduwa, ana sa wa a kwali ana sayar wa yara su harhaɗa. Har yau, kusan shekara hamsin, yana sake fito da ita lokaci-lokaci. Masu saye ne suka canza. Yaran 1977 sun yi furfura, su ne kuma ke komawa kanti neman kwalin da suka taɓa buɗewa suna 'yan firamare. Wannan rubutu ya bi sawun wannan mota guda ne, don a ga abin da ke zaunar da magidanci mai jikoki wata da watanni yana manna abin da bai kai ƙwayar gero ba.

Masu katako biyu

Abin mamaki, duka gidajen biyu daga katako suka taso. Ken Tyrrell, mai ƙungiyar tseren, ɗan kasuwar katako ne a ƙauyen Ockham da ke yankin Surrey a Ingila, kuma a cikin filin katakon gidansu, a wata rumfa ta itace, aka fara ƙera motocin ƙungiyar. Da motocinsa ne Jackie Stewart ya zama zakaran duniya a 1971 da 1973. Shi kuwa Yoshio Tamiya, a 1946 ya buɗe wurin yankan katako a Shizuoka, ana gama yaƙin duniya na biyu, gari na neman itacen gini. Daga guntayen katako aka fara yin ƙananan jiragen ruwa da na sama na wasan yara, har wannan ɗan reshe ya haɗiye sana'ar baki ɗaya.

Da roba ta shigo daga Amurka, kasuwar kayan katako ta mutu murus. Tamiya ya gwada hannunsa a 1960 da jirgin yaƙin Yamato na roba, ciniki bai yi kyau ba. Tankar yaƙin Jamus mai suna Panther ce ta tsamo kamfanin, ita ce kuma ta kafa ma'aunin 1/35, wato a ƙanƙanta abu sau 35, da yawancin masu haɗa ƙananan tankoki ke bi har gobe. Ɗan gidan, Shunsaku Tamiya, wanda aka haifa a 1934 ya rasu a 2025, shi ne ya ɗora kamfanin a kan wata ɗabi'a da ta zama tambarinsa: ba a yarda da hoto kawai, sai an je an taɓa abu an auna shi. Ya yi ta zirga-zirga gidajen tarihin kayan yaƙi, irin na Bovington a Ingila da na Aberdeen a Amurka, da kyamara da abin awo, yana shiga ƙarƙashin tankoki. Da suka tashi yin ƙaramar motar Porsche 934 a 1976, sai suka sayi Porsche 911 ta gaske suka kwance ta, don su ga abin da ke ɓoye a ƙarƙashin bodi. Labarin da ake bayarwa shi ne mayar da ita ya gagare su, sai da aka kira kanikawan dillalin motar.

Motar tsere ta farko da suka yi a babban ma'auni, wato 1/12, ita ce Honda RA273 a 1967. Saboda haka lokacin da suka zo yin P34, hannunsu ya riga ya faɗa da shekara goma.

Me ya kawo taya shida

Derek Gardner ne injiniyan da ya tsara ta, kuma ba don burgewa ya yi ba. A tsakiyar shekarun 1970 galibin ƙungiyoyin Formula 1 inji iri ɗaya suke saye, Ford Cosworth DFV mai silinda takwas, lita uku. Idan injin kowa ɗaya ne, wanda ke son ya wuce sa'a sai ya nemi dabara a wani wajen. Gardner ya duba tayoyin gaba. A motar tsere irin wannan taya a fili take, ba murfi, iska na dukanta tana rage gudu, tana kuma ɗan ɗaga gaban motar. Doka ta ƙayyade faɗin fiffiken gaba, wato faifan da ke hancin motar, a mita ɗaya da rabi, manyan tayoyi kuwa sukan leƙo ta samansa da gefensa. Sai ya ce, to a ƙanƙanta tayar har ta ɓuya a bayan fiffiken. Matsalar ita ce ƙaramar taya ba ta riƙe kwalta kamar babba. Maganin da ya kawo: a sa guda huɗu a gaba maimakon biyu, kowace a kan ƙarfen taya mai inci goma, dukansu suna juyawa da sitiyari, kowace da birkinta.

An nuna wa 'yan jarida motar a Satumban 1975, da yawa suka ɗauka wasan talla ne. Ta fara tsere a Jarama ta Sifaniya a 1976. Tayoyin sun yi ƙanƙantar da direba ba ya hango su daga mazauninsa, har sai da aka huda 'yan tagogi a gefen mazaunin don ya riƙa leƙa su. Duk da haka shekarar ta yi albarka: Scheckter ya gama kaka a na uku, Depailler na huɗu, ƙungiyar kuma ta uku a jerin masu ƙera motoci.

Rushewar daga taya ta zo. Goodyear ne ke yi wa kowa taya, kuma ƙoƙarinsa na ingantawa ya tafi kan girman da kowa ke amfani da shi. Ƙananan tayoyin, da ƙungiya ɗaya tak ke buƙata, aka bar su a baya. Na bayan motar na samun sabon haɗi, na gaba na nan jiya i yau. Ga shi ƙaramar taya ta fi babba yawan juyawa a tafiya ɗaya, ga birkin gaba da ke yawan zafi. Scheckter, wanda bai taɓa ɓoye ƙin motar ba, ya koma ƙungiyar Wolf, Ronnie Peterson ɗan Suwidin ya maye gurbinsa a 1977. An sake mata bodi, ta ƙara nauyi, daga baya aka buɗa tsakanin tayoyin gaba har suka fito daga bayan fiffiken, wato an rushe dalilin da ya sa aka yi ta tun farko. A 1978 Tyrrell ya koma taya huɗu.

Ranar ruwa a gindin Fuji

Abin da ya ɗaura wannan mota da zuciyar Japanawa ya faru ne ranar 24 ga Oktoba, 1976, a filin Fuji. Shi ne karo na farko da gasar duniya ta Formula 1 ta je Japan, kuma tseren ƙarshe na kaka, wanda zai raba gardama tsakanin Niki Lauda da James Hunt. Aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya. Lauda, wanda bai daɗe da tashi daga ƙunar da ya yi a haɗarin filin Nürburgring na Jamus ba, ya ajiye motarsa bayan 'yan zagaye. Mario Andretti ya ci tseren, Hunt ya zo na uku ya ɗauki kambun duniya. Wanda ya shiga tsakaninsu a matsayi na biyu shi ne Depailler a cikin mai taya shida. Ƙungiyar Tyrrell kuma ta yi wani abu da ya shiga ran 'yan gida: ta rubuta sunanta a jikin motar da baƙaƙen hiragana, rubutun da yaron Japan ke fara koya a makaranta.

Shekara na zagayowa aka koma Fuji, nan ne kuma P34 ta yi tserenta na ƙarshe, Depailler ya zo na uku. A ranar ne Ferrarin Gilles Villeneuve ta hau bayan motar Peterson, ta yi sama ta faɗa inda mutane ke tsaye, biyu suka mutu. Formula 1 ba ta sake taka Japan ba sai 1987, a Suzuka.

A riƙe wannan gibin na shekara goma, don shi ne zuciyar lamarin. An ɗanɗana wa yaran ƙasa abu sau biyu, aka janye. Ba intanet, ba tsere a talabijin kowane mako biyu kamar yadda aka samu daga 1987. Abin da ya rage musu mujallu ne da kwalin Tamiya. A 1977 kamfanin ya fitar da P34 a ma'aunin 1/12, ya fitar da ta 1/10 mai tafiya da rimot, ya kuma buɗe sabon jeri na 1/20 da ita a matsayin lamba ta ɗaya. Wannan 1/20 ɗin ya fi dacewa da kuɗin aljihun ɗan makaranta, kuma shi ya zama ma'aunin da sauran kamfanonin Japan, irin su Fujimi da Hasegawa, suka bi a motocin Formula 1.

Ke nan mafi yawan waɗanda ke kewar P34 ba su taɓa ganinta tana gudu ba, ba su ji ƙarar injinta ba. Abin da suka sani farin kwali ne mai zanen mota da taurari biyu, ja da shuɗi, a kusurwa, da warin gam. A ganina, kewarsu ta kwalin ce kafin ta motar.

Aikin kansa

Wanda bai taɓa gani ba yakan zaci motar wasa ce da ake fiddowa a tura. Idan ka buɗe kwalin ba mota za ka gani ba, sai wasu firam-firam na roba, kowanne ɗauke da gutsattsari masu lamba, kamar 'ya'yan itace a reshe. Reshen nan hanyar da narkakkiyar roba ta bi ce a cikin mazubi. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masu zubin tukwanen alminiyam ya ga irin wannan saura da ake gutsurewa bayan an buɗe ƙasa. Sai tayoyi shida na roba mai taushi, takardar sitika, da littafin umarni mai zane mataki-mataki.

Ma'aunin 1/20 na nufin kowane santimita ashirin na motar gaske ya koma ɗaya. Motar da ta haura mita huɗu sai ta dawo tsawon taƙi guda. Ƙarfen tayar gaba mai inci goma, wato santimita 25 da ɗoriya, ya koma ƙasa da santimita ɗaya da rabi. A bayan waɗannan 'yan tayoyi kuma akwai sandunan sitiyari da ke haɗa na farko da na biyu, sirara kamar tsinken tsintsiya. A nan P34 ta sha bamban da sauran: aikin gaban ninki biyu ne, kuma idan aka ɗan karkace, sai a ajiye motar a tebur a ga taya biyar sun taɓa ƙasa, ta shida na lilo a sama. Masu abin na cewa zaman tayoyi shida daram shi ne jarrabawar wannan kwali.

Ana yanke kowane gutsure da ƙaramar filaya mai kaifi, a kankare layin da bakin mazubi ya bari, a goge da samfefa mai laushi. Gam ɗin ma ba irin wanda aka saba ba ne. Ruwa ne da ke narkar da fuskar robar, ɓangarorin biyu su haɗe su zama ɗaya, shi ya sa ɗigo guda da ya zame a kan bodi yake barin tabo, yatsan da ya taɓa wurin kuma ya bar zanensa har abada. Kusan duk motar da yaro ya haɗa tana ɗauke da wannan sa hannu.

Fenti shi ke cin lokaci. Littafin umarni na ba da lambobin kalar kamfanin, X-11 ga azurfa mai sheƙi, XF-1 ga baƙi mara sheƙi, X-18 ga baƙi mai ɗan sheƙi, kuma tsofaffin hannu sun haddace su kamar lambar wayar gida. Injin DFV kaɗai zai iya cinye mako: jikinsa kalar alminiyam, bututun shan iska takwas a sama, salansa da ake yi wa shafe-shafen ruwan ƙasa da shuɗi don ta yi kamar ta sha wuta. Masu zurfafawa sukan huda ramuka da allurar huji su zura siririyar waya a madadin wayoyin fulogi da bututun mai da na birki, suna duba tsofaffin hotuna don kada waya ta bi inda ba ta bi ba a 1976. Bodi kuma a fesa masa share fage, a fesa shuɗi shafi-shafi, a bar shi kwanaki ya bushe a cikin akwati saboda ƙura. Ƙwayar ƙura ɗaya a wannan ma'auni daidai take da tsakuwa a kan motar gaske.

Sitikar irin ta jiƙawa ce. A yanka, a tsoma a ruwa 'yan daƙiƙu, ta saki takardarta, a zamar da ita kan bodi da buroshi, a matse ruwan da auduga. Siririn layin rawaya da ke bin gefen motar 1976 da farin rubutun kamfanin mai na Elf su ne ke fito da kamanninta, kuma layin nan, da yake dogo ne siriri, ya tsinke a hannun mutane ba adadi.

Ɗan sha biyu, ɗan sittin

A ɗauki misalin wanda aka haifa a 1965. Yana da shekara goma sha biyu kwalin ya fito. Ya haɗa shi a yini biyu, ba fenti tunda robar da shuɗinta ta zo, gam ya malale, sitika ta karkace, bayan wata uku ƙaninsa ya take ta. Daga nan jarrabawa, aiki, aure, 'ya'ya. Yau yana bakin ritaya, yana da kuɗin da zai sayi injin feshi da fitila mai gilashin ƙara girma, yana da haƙurin da babu shi a da. Abin da ya rasa ido ne da tsayuwar hannu.

Hausawa na cewa tuna baya shi ne roƙo, amma wannan mutum ba zama ya yi yana tunawa kawai ba. Komawa ya yi ya gyara aikin da ya ɓata. Kwali ɗaya ne, lambobin gutsattsarin ɗaya ne, mataki na bakwai da ya gagare shi yana yaro na nan yana jiransa. Abubuwa kaɗan ne a rayuwa ke ba mutum irin wannan dama, ya tarar da jiya yadda ya bar ta, ya sake gwadawa. Wanda ya taɓa yin motar kara ko ta langa-langa, ya yanka tsohon silifas ya yi mata taya, zai gane daɗin da ke cikin haɗa mota da hannunka. Bambancin shi ne motar kara daga kan yaro take fitowa, ba mai cewa ya yi kuskure, kuma in ta karye ta tafi ke nan. Wannan kuwa tana da asali da ake auna ta da shi, mazubinta kuma na ajiye a sito.

Kamfanin ya fahimci wanda ke saye yanzu. Da ya sake fito da P34 ta 1/20 a shekarun baya, bai ce ga Tyrrell kawai ba. Ya fitar da ta tseren Monako na 1977 daban, ya fitar da ta tseren Japan na 1976 daban, da rubutun hiragana ɗin nan, haɗe da wasu siraran gutsattsarin ƙarfe da ake zana su da sinadari don su fi roba kaifin kama. Yaro mota yake so. Dattijo kuwa rana yake nema, rana guda takamaimai, da lambar direba, 3 ta Scheckter ko 4 ta Depailler, da irin fiffiken da aka ɗaura a ranar. Da yake ƙungiyoyin tsere kan canza abubuwa daga wannan fili zuwa wancan, gardama a kan wane hoto ne na gwaji, wane ne na ranar tsere, ta zama rabin nishaɗin.

Akwai kuma nauyin da shekaru suka ɗora wa kwalin wanda babu shi a 1977. Peterson ya rasu a 1978 bayan haɗari a Monza. Depailler ya rasu a 1980 yana gwajin Alfa Romeo a Hockenheim. Ken Tyrrell ya sayar da ƙungiyar a 1997, ya rasu a 2001. Ƙungiyar ta bi hannu-hannu, daga BAR zuwa Honda zuwa Brawn, har ta zama Mercedes ta yau. Mai manna sunan Depailler a gefen mazauni ya san duk wannan.

Inda tarihi da doka suka yi karo

P34 ta tsira daga wata matsala da ta addabi sa'o'inta, don mai ɗaukar nauyinta kamfanin mai ne, daga baya aka ƙara da banki. Motocin da suka fi shahara a wancan zamani da na bayansa tallar sigari suke ɗauke da ita: baƙar Lotus mai ruwan zinare ta John Player Special, ja da farin McLaren na Marlboro, rawayar Lotus ta Camel. Da ƙasashe suka tsananta hana tallar taba, har Tarayyar Turai ta hana ɗaukar nauyin irin waɗannan wasanni daga 2005, sai manyan kamfanoni suka riƙa fitar da kwalayen ba tare da sunayen sigarin ba. Mutum ya haɗa McLaren ɗin Ayrton Senna ta 1988, ya tarar da fili fetal a inda idonsa ya saba ganin rubutu.

Nan take ƙananan masu sana'a suka cike gurbin, suna buga takardun sitika na daban ana saye a gefe. Dokar na da hujja, tunda kayan a kantin da yara ke shiga ake sayar da su. Mai haɗawar ma na da tasa: shi tarihi yake kwafa, kuma motar haka take a ranar. Ni dai na fi karkata ga barin babban kwali ba sigari, wanda ya damu ya nemo tasa. Sai dai abin na nuna cewa ba a dawo da jiya cif-cif, ko da mazubin bai canza ba.

Tulin da ba a buɗe ba

Wannan sha'awa na da cutarta, kuma Japanawa sun raɗa mata suna, tsumipura, wato kwalayen da aka tula. Saye minti biyar ne, haɗawa wata uku. Ga tsoron cewa in kamfani ya daina fitarwa sai a hannun 'yan gwanjo da tsada, don haka da an ji an sake fitowa da kaya sai a sayi biyu, ɗaya na haɗawa ɗaya na ajiya. A ƙarshe duka biyun na ajiya ne. Akwai masu ɗaki guda na kwalaye waɗanda ko za su ƙara shekara hamsin ba za su gama ba, sun kuma sani. Zaman gida na lokacin korona a 2020 ya dawo da mutane da yawa kan tebur, wasu suka rage tuli, wasu suka ƙara.

Kasuwar ta bi su inda suke. Tamiya ya buɗe kantinsa na Tokyo a unguwar Shimbashi, matattarar ma'aikatan ofis, inda mai kwat da jaka zai biya bayan an tashi aiki. Kowane watan Mayu kuma ana baje kolin Shizuoka, inda ban da sababbin kayan kamfanoni, ƙungiyoyin masu haɗawa ke jera aikin hannunsu a tebura. A hedikwatar kamfanin akwai P34 ta gaske a ajiye, kusa da Lotus 102B da ya ɗauki nauyinta a 1991, wanda ya gama tasa zai iya zuwa ya tsuguna ya duba inda ya kauce. Tambayar da ke damun masu sana'ar ita ce wa zai gaji teburin, tunda yaron yau waya ce a hannunsa, in ma ya haɗa wani abu ya fi karkata ga mutum-mutumin Gundam na Bandai, wanda ake ɗosawa ba gam ba fenti.

Ita ma motar gaske ta samu nata zagaye na biyu. A ƙarshen shekarun 1990 kamfanin taya na Avon ya yarda ya yi mata sababbin ƙananan tayoyi don tseren tsofaffin motoci, kuma a 2000 Martin Stretton ya ci gasar tsofaffin motocin Formula 1 da ita. Masu ganin Gardner ya yi daidai, tayar ce ta ci amanarsa, sun samu abin kafa hujja.

Kwalin da aka ajiye kuwa ba ya jira kyauta. Robar jikin motar na jure shekaru, amma tayoyin kan bushe su tsage, wani lokaci ma su ci fuskar robar da suka jingina da ita. Sitika ta fi kowa saurin tsufa: farinta ya koma rawaya, in ta ji ruwa ta farfashe kamar busasshen ganye. Wanda ya samu kwalin 1977 na asali yakan sa takardar a leda, ya manna ta a gilashin taga tana fuskantar rana na wasu makonni har rawayar ta kwanta, sannan ya shafa mata siririn ruwa mai riƙe ta kafin ya kuskura ya yanka. Idan layin rawayar ya tsira, sai a koma kan tayoyi shida, a ga ko za su zauna.